Sauraron Dutse

Ranar farko a York ba a ba ni guduma ba.
Tsintsiya aka ba ni.
Na baro Zariya da takardun yabo cike da jaka,
ga ni ina sharar garin dutse
a rumfar da sanyi ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa
kamar mai bin bashi.

Malam Pickersgill, tsoho mai yatsu tara,
ba ya ɓarnar magana.
Ya ƙwanƙwasa wani dutse, ya yi ƙara kamar tasa.
Ya ƙwanƙwasa na kusa da shi, ya amsa a dakushe.
"Wannan yana ɓoye ciwo," in ji shi.
"Ka saurara kafin ka sara."

Da safe muna aji, ana haska mana a bango
yadda baka ke miƙa nauyinsa ga ginshiƙi,
ginshiƙi ya miƙa wa ƙasa,
kowa na ɗauke da kayan wani.
Ina cikin rubutu alƙalami ya tsaya mini,
don na san wannan bakan.
A ƙarƙashin irinsa aka yanke mini cibiya.
Kakana Ɗanjuma ya ɗaura shi da azara da jar ƙasa,
bai taɓa riƙe fensir ba,
awonsa taku ne da taƙi, sai yawu a tafin hannu.
Ranar da aka rushe soronsa, aka kafa bulo da kwano,
har da ni a masu murna.
Shekarata goma sha biyu. Na ce mun waye.

Da aka zo rabon aiki, Orla ta ɗauki kan dodo
mai zubar da ruwan sama ta baki,
indararo ke nan da haƙora.
Na ce ni a ba ni ganye,
zuciyata ba ta kwanta da sassaƙa fuska ba.
Tsoho ya ɗaga kafaɗa:
"Ganye ya fi wuya. Fuska in ta karkace, a ce hali ne."

Mako biyar ina kan ganye guda.
Tafina ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta.
An ce mai haƙuri yakan dafa dutse;
ban ga romo ba, ƙura nake sha,
tana cikin shayina, tana kan dardumar salla.
Ran Laraba, saura ƙiris,
ƙararrawar babban coci ta kaɗa, na waiwaya,
guduma ta sauka ba da izinina ba.
Kan ganyen ya faɗo a takalmina
kamar ɓarin goro.

Ban yi kuka ba. Na dai fita na tsaya cikin yayyafi.

Washegari ya hau tsani da ni, hawa bayan hawa,
har mutanen titi suka koma kiyashi.
Ya kama hannuna ya cusa bayan wani tsohon sassaƙe,
inda ido ba ya kai, sai tattabaru.
Sumul. An goge bayan kamar gaba.
A gefe ga 'yar alama, layi uku da ɗigo,
sa hannun wani da ƙasa ta cinye sunansa.
"Shi ma ya fasa nasa," in ji tsoho. "Sau nawa, oho."

Daren nan na kira Goggo Tasalla,
na ce ko akwai hoton soron Kaka?
Ta yi dariya: wa zai ɓata hoto a kan ginin ƙasa?
Amma ta tuna ƙanshin makuba bayan ruwa,
ta tuna yadda yake dangwala babban yatsa
a bayan ƙofa in ya gama yaɓe.

Sabon dutse na gabana yanzu.
Na ƙwanƙwasa, ya amsa.
In na gama, da yardar Allah, a bayansa
zan haƙa ɗan gurbi daidai kan yatsa.
Orla za ta tambaye ni mene ne.
Sai ta ja kujera tukuna, labarin da tsawo.